Zane Biyu a Fuskar Labaran

"Daina motsi mana," in ji Gali wanzami. "Mutum ya kusa sittin yana zillo kamar za a yi masa kaciya."

Labaran ya tsaya cak a kan tabarma, yatsun tsohon suna bin kumatunsa a hankali. A gindin darbejiyar da ke bayan katangar masaƙa suke, a Bompai, inda Gali ya shekara ashirin yana yi wa ma'aikata aski kafin idonsa ya tafi. Yanzu hira kawai ke kawo shi. Hutun rana ne, abokan aikin Labaran duk suna wajen mai shinkafa da wake, shi kuwa tun jiya abinci bai shiga cikinsa ba.

Sani ne dalili, ɗa guda da marigayiya Hansatu ta bar masa. Yaron ya yi boko, ya sami aikin akawu a Sharada, ya ga 'yar Malam Nuru na Ɗorayi yana so, ita ma tana so. Komai ya tafi daidai sai da yayar Malam, wadda kowa ke kira Gwaggo, ta aiko da tambaya: wane gari ne asalinsu, kuma waye kakan yaron? Yau da la'asar ake jiran amsa.

Amsar ce Labaran ba shi da ita. Abin da ya sani, wani falke mai suna Ahmadu ya shigo da shi Kano yana ɗan shekara huɗu ko biyar, ya raine shi, ya ce masa maraya ne, ya mutu bai ƙara ko kalma ba. Ranar Litinin har ofishin adana tarihi ya je. Wata ma'aikaciya, Esta, ta ɗauko masa tsohon littafin da Turawa suka zana fuskokin mutane, kowace ƙabila da tsagarta. Ta ba shi madubi, suka bi shafi-shafi har aka tashi aiki. Ba su ga mai kama da shi ba.

Yatsun Gali suka tsaya a gefen ido, suka koma baya, suka sake tsayawa.

"Labaran, hannu biyu ne ya taɓa fuskar nan."

"Kamar yaya?"

"Zane biyu ne, wani kan wani. Na ƙasa aikin wanzami ne, siriri, ranar suna aka yi shi. Na sama kuwa ba wanzami ba ne. Wuƙa ce, kuma sauri ake yi. An bi kan na farkon an tsattsaga, lokacin ka yi wayo, don da fata ta buɗe sai ya baje."

"Na ƙasan na wane gari ne?"

"Da zai karantu da na karanta maka tun ina da ido. Wanda ya yi aikin nan so yake ko uwarka ta gan ka a kasuwa ta wuce."

Labaran ya kai hannu ya shafa kumatunsa. A bayan katanga injuna na ta ruri.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun ranar da na fara ɗora maka aska. Ba ka tambaya ba, ni kuma ba a biya ni in tona ba." Gali ya laluba ya kama hannunsa. "Ji nan. Ni mutumin gabas ne, dangina sun ƙare, ba mai ƙaryata ni. Ka ce ubanka ƙanen ubana ne. In sa babbar riga a ja ni har Ɗorayi, in jero musu kakanni bakwai. Wa zai tsaya gardama da makaho?"

Jiniya ta yi ƙara. Labaran ya sa hula ya miƙe, ya ce zai yi tunani.

Cikin masaƙa ba a hira, ko ka yi magana ba mai ji, kuma yau hakan ya yi masa daɗi. Ya tsaya gaban injinsa yana ɗaura zaren da ya tsinke, yana neman Baba Ahmadu a cikin kansa. Ya tuna hannun da ke gutsura masa ƙuli-ƙuli a dakali. Ya tuna ranar da ya yi zazzaɓi mutumin ya goya shi har wajen mai magani. Wuƙa kam ya neme ta ya rasa. Ko Baba Ahmadu ne ya riƙe ta, ko a haka ya tsince shi, duk wanda za a tambaya yana ƙarƙashin ƙasa.

Da aka tashi, Gali na nan a gindin bishiya, har ya aika an ɗauko masa rigar. Labaran ya tsuguna ya yi masa godiya, ya ce ya ajiye ta sai ranar ɗaurin aure, in Allah ya sa akwai. Ya hau bas shi kaɗai. Ko Sani bai gaya wa ba.

Malam Nuru ya karɓe shi a zaure. Kusa da buzunsa akwai doguwar takarda ta ajami, salsalar gidansu, kaka goma sha ɗaya, kuma duk wanda ya auri 'yar gidan ana rubuta shi a gefe da uba da kaka. Bayan labulen ƙofar ciki ana ganin ƙafafun tsohuwa a kan kujera 'yar tsugunno.

"Allah gafarta Malam, kun yi tambaya, na zo da abin da na samo. Ba shi da yawa."

Ya faɗa musu duka, falken da littafin Turawa da abin da yatsun makaho suka gano. Bai rage ba, bai yi wa kowa ado ba.

"Gari ban da shi sai Kano. Uba ban san sunansa ba. Shekara ashirin da shida ina masaƙa, ku aika a tambayi halina. In kun ga bai yi ba, ba zan ce kun zalunce mu ba. Yaron dai bai san komai ba."

Malam ya dubi takardarsa, ya dubi labule. 

"Shekararka nawa ka ce, da aka kawo ka?" Muryar Gwaggo ce.

"Huɗu ko biyar, Hajiya."

"Ka yi wayon kiran uwarka ke nan." Kujerar ta yi ƙara. "Wata baiwar Allah ta mutu tana leƙen hanya. Nuru, wanda zai yi mana ƙarya da ya zo da gari guda a bayansa. Ka ce su turo."

Ƙafafun suka ɓace. Malam ya jawo tawada, ya tsoma alƙalami, ya rubuta yana faɗa a fili: "Sani, ɗan Labaran, ɗan..." Ya ɗago kai. "In sa Ahmadu? Shi ya raine ku, ai."

Labaran ya dubi ɗan farin wurin da ya rage a takardar, bai kai faɗin yatsa biyu ba.

"Allah ya jiƙan Ahmadu," ya ce. "Amma ku bar wurin haka, Malam. Kada a ja layi a kai. Yana da mai shi."