Tsatsa a Birkin Kyaftin Eilif

Mota ta bakwai ke nan daga ƙauye ɗaya, kuma dukansu ciwonsu iri ɗaya. Torunn ta ɗaga ta sama, ta kwance tayar gaba, ta haska fitila, sai ta ja tsaki. Faifan birkin ya yi jawur da tsatsa, gefensa har ya fara ɓarewa, amma takalman da ke matse shi sababbi fil, kamar jiya aka ciro su daga kwali. Motar kuwa ta ci kilomita dubu talatin da ɗaya. Shekara ashirin da biyu Torunn tana kanikanci, ba ta taɓa ganin takalmin birki ya yi wannan tafiya bai cinye ba.

Ƙananan jif ɗin nan ne masu aiki da lantarki, waɗanda suka cika yammacin Norway. Garejinsu kaɗai ya sayar da sama da ɗari biyu, kuma babu mai kuka da su sai mutanen Skarvik, ƙauyen da bai kai mutum ɗari uku ba. Wannan ya ce birki na gurnani, wancan ya ce sitiyari na karkarwa a hannunsa. An rubuta wa kamfanin da ya ƙera su sau uku, sau ukun amsa ɗaya ake ba su, wai gishirin da ake watsa wa hanya lokacin ƙanƙara ne. Torunn ba ta ƙi ba. Abin da ya ɗaure mata kai shi ne, gishirin nan ai ba Skarvik kaɗai ake watsa wa ba.

Mai motar yana zaune a ɗakin jira, ya ɗora hularsa a gwiwa. Eilif ke nan, shekararsa saba'in da takwas, arba'in daga cikinsu ya yi su yana tuƙa jirgin fito, shi ya sa har yau ba a kiransa sai da Kyaftin. 'Yarsa Gunvor tana tsaye a kansa. Daga birni ta zo, da ta ji labarin ranar Talata ya daki ƙarfen da ke tare motoci a bakin tashar fito, ya fasa fitila.

"Ki faɗa mata," in ji Eilif da ganin Torunn. "Na taka, bai kama ba. Ta mai da ni wani tsohon da bai san ƙafarsa ba."

"Baba, ban ce haka ba."

"Idonki ya ce."

Gunvor ta ja Torunn gefe, ta rage murya. "Gaskiya kawai nake so. In motar ce, a gyara. In shi ne, zan karɓe makullin yau ɗin nan. Da yaro ne a wurin maimakon ƙarfe fa?"

"In kin karɓe, ya zai yi?"

Gunvor ta kau da kai. Mahaifiyarta Magnhild tana gidan kula da tsofaffi a nan cikin gari, shekara biyu ke nan, kuma kullum ta Allah Eilif sai ya tsallako dutse ya ci abincin rana da ita. Bas ɗin Skarvik sau biyu take zuwa a mako. Gunvor ta san wannan sarai, shi ya sa idonta ya yi ja.

Torunn ta ce, "Birkin ya lalace, babu tantama. Amma ban san abin da ya lalata shi ba, kuma ba na son in ce ga laifi alhali ban gane ba. Zan sa sababbin faifai. Ranar Juma'a ni zan kawo motar da kaina, ya tuƙa ina gefensa."

Daga can Eilif ya ce, "Jarrabawa za a yi mini?"

"Motar zan yi wa, Kyaftin. Kai direbana ne kawai."

Cikin kwana biyun nan abin bai bar ta ta sake ba. Ta ciro takardun motocin bakwai ta jera a kan tebur. Duk maza ne, duk sun haura saba'in. Ta yi zaton ko kusa da teku suke ajiye motocinsu, sai ta tarar huɗu a saman dutse suke. Ta yi zaton ko ba sa hawansu, sai ta ga sun fi kowa cin hanya. Mai garejin ya ce ta canza faifai ta sallame su mana, ba don tunani ake biyanta ba. Ta ce to, ta ci gaba da tunaninta.

Ranar Juma'a da hantsi ta isa. Gidan Eilif yana can sama kusa da coci, daga nan kuma hanya ta gangara zuwa tashar fito, kilomita huɗu, kwana bakwai masu lanƙwasa kamar ƙugiya. Ƙanƙara ta narke, ruwa na kwarara a gefen titi. Eilif ya fito cikin rigar sanyi mai ruwan bula, ya zagaya motar sau ɗaya yana dubawa, sannan ya shiga. Torunn ta zauna a gefensa, Gunvor a baya.

Kafin ya tayar, sai ya danna wani abu a allon motar, ya dubi lambar caji, ya yi gunaguni, "Sittin da ɗaya."

Suka fara gangara. Torunn ba hanya take kallo ba, ƙafarsa take kallo. Tuƙin kuwa ba a cewa komai, da an ɗora kofi cike da gahawa a gaban motar ba zai zube ba. Tun daga nesa yake hango kwana, ya sassauta totur a hankali, motar ta riƙe kanta. Haka motocin nan suke, da zarar ka ɗaga ƙafa injin ne ke jan su baya, yana mai da ƙarfin gangarar cikin batir. Kwana na farko ya wuce, na biyu, na uku. Wata tunkiya ta tsaya a gefen titi da 'ya'yanta biyu, ya hango ta tun tana ɗigo, ya lallaɓa ya wuce. Har suka sauka ƙasa, motar ta yi ta sulalewa ta tsaya cak a gaban kantin ƙauye, ƙafar Eilif ba ta je kusa da birki ba ko sau ɗaya.

Ya dubi allo, fuskarsa ta washe. "Sittin da huɗu. Uku na samu, da mutum uku a ciki."

"Kyaftin," in ji Torunn, "yaushe rabonka da taka birki?"

"Ranar Talata."

"Kafin nan fa?"

Ya sosa haɓa. "Taka birki ai na wanda bai san lissafin hanya ba ne."

Bai rufe baki ba sai ga wani dogon tsoho ya fito daga kantin da kofi a hannu, ya leƙo ta taga. Oddvar ke nan, wanda ya yi wa Eilif injiniya a jirgi shekara da shekaru, kuma motarsa ce ta uku a jerin Torunn.

"Nawa?" ya tambaya, ko gaisuwa babu.

"Uku."

"Uku? Ƙarya kake, tsohon banza. Ka taka a kwanan makaranta, na san ka."

"Ga shaidu biyu na ɗauko. Tambaye su."

Torunn ta fito ta bi su ciki. A teburin bakin taga tsofaffi biyar ne zaune, da wainar fulawa da cuku a gabansu, kuma ta san motar kowannensu ciki da bai. Ba ta sha wahalar tambaya ba, su da kansu suka yi ta zuba, kowa na katse kowa. Ashe shekara uku ke nan suna gasa. Kowace safiya mutum zai gangaro daga coci, wanda ya fi tara caji shi ke zama a kujerar da ke kallon teku. Waɗanda ke zaune a ƙasa ma sai sun hau sama takanas sun gangaro. Wanda aka ga jar fitilar birkinsa ta kama kuwa, ranar ya shiga uku da tsiya.

"A jirgi akwai birki ne?" in ji Oddvar. "Babu. Tun daga tsakiyar ruwa kake sanin inda za ka tsaya. Wanda ya zo gaɓa da gudu yana ja da baya, fasinjoji na faɗuwa kan juna, wannan ba matuƙi ba ne."

Dariya ta kama Torunn har sai da ta dafa kujera. Makonni tana neman aibu a jikin ƙarfe, ashe aibun yana nan zaune yana shan gahawa. Ta ce musu, "Ku ne kuka kashe birkinku da hannunku. Faifan nan sai ana taka shi yake gogewa. Kun bar shi cikin gishiri da ruwa shekara uku ba ku taɓa shi ba, ranar da kuka neme shi ya kama da me?"

Sai Eilif ya juya ga 'yarsa, ya buɗe hannu. "Kin ji ko? Birki ne. Ba ni ba ne."

Gunvor ta sauke ajiyar zuciya, har ta fara murmushi. Da Torunn ta tsaya nan, da kowa ya koma gida da farin ciki, kuma ta so ta tsaya ɗin, don tsohon ya shiga ranta. Amma wata tambaya ta riga ta maƙale mata. In ƙarfe ya yi tsatsa don an daina amfani da shi, ita ƙafar fa?

"Saura abu ɗaya," in ji ta. "Sababbin faifan suna son a gwada su."

Bayan tashar akwai filin tsohuwar masana'antar kifi, shimfiɗe da kwalta, babu kowa. Gunvor ta tsaya a gefe ta rungume hannu. Tsofaffin ma suka biyo su da kofunansu. Torunn ta ce wa Eilif ya kai gudun hamsin, da zarar ta buga allon mota da tafin hannu, ya taka birki iya ƙarfinsa, kamar mutum ne ya faɗo gabansa.

"Wannan ai wasan yara ne," in ji shi.

Suka ɗauki gudu. Suna zuwa daidai wata tsohuwar durom, Torunn ta buga allon. Ƙafar Eilif ta ɗaga daga totur nan take, ba ta yi jinkiri ba ko kaɗan, amma sai ta tsaya a sama tana jiran motar ta riƙe kanta. Torunn ta ƙirga a zuci, ɗaya, biyu, kafin ya tuna ya taka. Da suka tsaya, durom ɗin ta yi nisa a mudubi.

Eilif ya waiwaya ya dubi durom ɗin.

"A sake," in ji shi.

Karo na biyu ya taka da wuri, amma a hankali, irin takun mai gudun kada fasinja ya girgiza. Sai a na uku ya danna da gaske, taya ta yi ƙara, bel ya shaƙe Torunn, hularsa ta faɗo gaba. Tsofaffin suka sa ihu, Oddvar na ɗaga kofi sama yana cewa a ƙwace masa kujerar taga.

Eilif bai yi dariya ba. Ya ɗauki hular ya kaɗe ta a gwiwa.

"Ranar Talatar nan," in ji shi, ba tare da ya dube ta ba, "na ce na taka bai kama ba. Haka ne. Amma yanzu ban san ko yaushe na taka ba."

Tausayinsa ya kama Torunn sosai. Ta ce, "Ƙafarka lafiyarta ƙalau, Kyaftin, ta fi ta wasu samari sauri. Wani abu dabam ka koya mata. Abin da aka koya kuwa ana iya sakewa."

"Kwana nawa?"

"Ban sani ba. Ni ƙarfe na sani."

Ya fita daga motar ya nufi 'yarsa. Gunvor ta ga gwajin farko da idonta, kuma ga alama tana ta shirya yadda za ta fara magana. Bai bar ta ta fara ba. Ya kama hannunta ya saka makullin a ciki.

"Mako biyu," ya ce. "Kullum da safe ki kawo ni filin nan. In ƙafata ta koya, ki mayar mini. In ba ta koya ba, ki riƙe, ba zan yi miki gardama ba."

"Baba, hutuna mako ɗaya ne."

"To ki roƙa a ƙara miki. Yanzu dai mu tafi, uwarki ba ta cin abinci sai ta gan ni."

Gunvor ce ta tuƙa zuwa gari. Torunn ta zauna a bayanta, inda take hango Eilif a kujerar fasinja, ya miƙe zam, ya rasa inda zai sa hannuwansa. Tuƙin Gunvor na 'yan birni ne, sai ta zo daf da abu take tunawa da shi. Ya yi ta haɗiye magana har suka tsallake dutsen. A mahaɗar da ke bakin gari wata babbar motar katako ta shigo ba zato, kuma kafin Gunvor ta motsa sai aka ji dim! Ƙafar Eilif ce ta dama ta daki ƙasan motar da dukan ƙarfinta, a inda babu birki babu komai. Sannan Gunvor ta taka nata, suka tsaya, motar katakon ta wuce.

Eilif ya sunkuya yana kallon ƙafar tasa, har yanzu tana danne da ƙasa. Ya waiwayo baya a hankali, idonsa ya ciko.

"Kin gani?" ya ce wa Torunn.

"Na gani, Kyaftin," in ji ta. "Ka riga ta."