Tsumagiyar Litinin

Duk Litinin sai Muntari ya hau babur daga Yargalma ya je sakandaren da ɗansa Lirwanu yake karatu, da sabuwar tsumagiya ɗaure a baya. Wasu iyayen ko ƙofar ajin 'ya'yansu ba su sani ba, shi kuwa har maigadi ya haddace kukan babur ɗinsa. Burinsa ɗaya ne, kada yaron ya ƙare a ramin zinare kamar yadda shi ya ƙarar da ƙuruciyarsa.

A gaban ɗalibai yake miƙa wa malami tsumagiyar. "In ya mance ka zane shi, ni na ba ka."

Lirwanu kuwa mantuwa kamar da ita aka haife shi. Abin da ya karanta da safe, kafin azahar ya bi iska. Tun ranar Lahadi yake barin tuwonsa a kwano saboda tsoron Litinin. Abin tausayi ne, amma uban ya ƙi gani.

Malam Hayatu, malamin ajin, ya taɓa jan Muntari gefe, ya ce yaran da gubar dalma, wadda ke cikin ƙurar dutsen zinare, ta taɓa suna ƙanana sai an bi su a hankali. Muntari ya haɗe rai.

"Ɗana lahiyatai lau. Ƙiwuya ta."

Wata Litinin ya tarar da bencin yaron babu kowa. Ya koma gida a fusace, ya samu matarsa Asabe tana tankaɗe.

"Ina yaron ga?"

"Ya bi masu haƙa. Ya ce can ba mai tambayatai abin da ya mance." Ba ta ɗago kai ba. "Malam, nan inda kake tsaye yake rarrahe sadda kake niƙan dutsen zinari cikin gidan ga. Ka sani, ni ma na sani."

Ya juya babur ya nufi ramin zinare.

A bakin rami ya hango Lirwanu ya yi fari fat da ƙurar dutse, yana ƙyalƙyala dariya da wasu samari. Rabon Muntari da jin dariyar nan har ya manta. Ya sauka daga babur, yana neman abin da zai ce.

Yaron ya gan shi, ya ga tsumagiyar a bayan babur. Dariyar ta ɗauke. Ya tako a hankali, ya cire rigarsa, ya juya wa ubansa baya yana jira.