Moton da Ya Ja Wasaki

Takarkarin Jimrau, san da ke ja masa ruwa, ya mutu ana tsakiyar bazara, lokacin da ko ɗan'uwanka ba zai ara maka jaki ba. Rijiyoyin arewacin Dakoro kuwa ba a jan su da hannu. Gaba arba'in ne kafin wasaki, wato babban gugan fata, ya taɓa ruwa, sai an sa dabba ta ja igiya ta yi nisa da ita cikin rairayi. Shanu goma sha tara suka zuba wa Jimrau ido, shi kuma ba shi da abin ja sai tsohon motonsa, wato babur ɗinsa na shiga daji.

To, ya ɗaura igiya a bayan moto. Ja kam ya ja, har da gudu. Tsayawar ce masifa. In wasaki ya iso baki, dole moto ya tsaya cik har matarsa Adawiyya ta kama ta juye a kwamin shayar da shanu. A rairayi kuwa sai mutum ya kafa ƙafa biyu a ƙasa, ga shi birkin baya na ƙafa ne. Da ya matse na gaba, sai tayar ta bi yashi, nauyin ruwa ya jawo shi da baya, wasaki ya koma ƙasa. A karo na biyu igiya ta saɓule wa Adawiyya fatar tafi.

Hamma Ɗangoggo, dattijon da ke raba layi a rijiyar, ya dube shi sama da ƙasa. Ya ce, "Jimrau, nan ba wurin wasa ba ne. Gobe da hantsi layinka ne. In wasaki ya sake komawa, na ba wani gurbinka."

Hankalin Jimrau ya tashi ƙwarai. Rijiya ta gaba tafiyar kwana biyu ce, kuma ya san ramammun shanunsa ba za su kai ba.

Da azahar yana garajin Sha'ibu, bayan tashar Dakoro. Sha'ibu mutum ne mai baki, ya saurari bayanin har ƙarshe, sannan ya tuntsire da dariya.

"Yanzu kai Ɗan Fulani, moton ma sai ka maishe shi sa? Ciyawa za ka ba shi ko man asansi?"

"Malam Sha'ibu, birkin ƙafa nike so ka maido mani hannu. Dariyar ka aje ta sai gobe."

Sha'ibu ya ga fuskar mutumin, ya haɗiye sauran. Ya shiga cikin tarin matattun motoci masu taya biyu, ya kwanto wani hannun birki, ya rage masa tsawo da zarto yadda yatsa biyu za su ishe shi. Ya ɗaure shi a kan moto ta hagu, ƙarƙashin hannun ambireyaj, wato kuloci. Ya bi da doguwar waya ta ƙasan tanki har tayar baya. Gwajin farko, ko kaza birkin ba zai tsayar ba. Sha'ibu ya yi tsaki, ya ƙara wa ƙarfen da wayar ke ja tsawo da walda, ya sake ɗaurewa tam. Sannan shi da wani mai facin taya da ke kusa suka kama bayan moto suka ja har jijiyoyin wuyansu suka fito. Moto ko gezau.

Washegari da hantsi bakin rijiya ya cika, kuma rabin mutanen kallo ya kawo su. Adawiyya ta naɗe hannu da tsumma, ta tsaya wurinta. Jimrau ya ce mata, "Ki ja baya, a sa wani ya kama."

Ta ce, "Shanun wani ne? Tafi kawai."

Ya yi bisimilla, ya ja. Igiya ta miƙe, moto ya yi gurnani yana watsa yashi, taku sittin, saba'in. Sai ya ji muryarta: "Tsaya!"

Ya kafa ƙafa biyu, ya matse sabon birkin da yatsa biyu. Nauyin ruwa ya fizgi moto, tayar baya ta nutse cikin rairayi ta zauna daram. Bai waiwaya ba, don tsoro ya hana shi. Yana nan riƙe sai ya ji ruwa ya zuba a kwami, ya ji shanu suna turereniya. Wani daɗi ya cika masa ƙirji har idonsa ya kawo ruwa.

Ya sake ja, ya kuma sake. Wasaki talatin da ɗaya, ko ɗaya bai koma ba. Shanun suka sha har suka ɗaga kai da kansu, ruwa na ɗiga daga bakinsu. Masu kallo suka matso suna leƙen ɗan guntun ƙarfen.

Jimrau na shirin kwance igiya sai ga Hamma Ɗangoggo, yana jaye da raƙuminsa da duk ƙirjinsa ya yi gyambo saboda ja. Tsohon ya kwance igiyar daga jikin raƙumin, ya tako har gaban moto, ya miƙa ta da hannu biyu.

Ya ce, "Ɗana, in ba ka gaji ba, nawa ma ba su sha ba."