Awarwaron Nasiba

Ina cikin murza wa Nasiba dilka yatsuna suka ci karo da shi. Ƙullutu ne a gefen nonon hagu, wajen hammata, mai tauri kamar ƙwallon dabino. Na danna, bai gusa ba.

"Yaya Mairama, hannunki ya tsaya," in ji ta, idonta a lumshe. "Ko kin gaji?"

Ban gaji ba, cin raina dai nake yi tun safe. Ƙanwata ce uwa ɗaya uba ɗaya, amma ita mijinta Ɗayyabu yana Jidda yana aiko da zinari, ni kuwa mijina Sa'idu kullum daga gonar auduga yake dawo mini da taɓo har gwiwa. Awarwaronta shida ta tuɓe ta jera a faranti a gabana, wai maigida zai zo hutu, in gyara masa ita. Na yi hassadarta, wallahi na yi, kuma duk ƙauye an sani, don bakina ba ya riƙe magana.

Sai dai bara wata likita ta zo daga birnin Madani ta tara mu a makarantar 'yan mata, ta koya mana yadda mace za ta laluba nononta da yatsu uku duk wata. Ta ce ƙullutun da ba ya ciwo, ba ya motsi, shi ne abin tsoro. Nasiba ba ta je ba, ranar tana kasuwar Rufa'a wajen zaɓen sabon tob, lafayar da mata ke naɗawa.

Na kama hannunta na ɗora a wurin. "Yaushe wannan ya fito?"

"Kaluluwa ce. Ko ciwo ba ya yi."

"Shi ne ya tayar mini da hankali. Ki je Madani gobe-goben nan a duba ki, kada ya zama ciwon daji."

Ta tashi zaune, ta ja zane ta rufe ƙirji. Ta dubi farantin zinarin, ta dube ni.

"Saura kwana huɗu Ɗayyabu ya sauka, sai yau kika ga daji a jikina? So kike a yanke mini nono ki huta!"

*

Kafin la'asar Inna, mahaifiyarmu, ta aiko kirana.

"Ba ke ce kika ce a gidan suna, wasu dai zinari zai karya musu hannu ba?"

"Na faɗa, Inna. Amma wannan daban."

"Khalas, ya isa! Bakinki ya kama 'yar'uwarki, yanzu kuma kina neman a sa mata wuƙa."

Washegari ta kai Nasiba wurin malam, aka ba ta rubutun sha da takardun turare na maganin kambun baka. Ni kuwa mata suka daina kirana gyaran amare, wai hannuna ke dasa ƙullutu. Sau uku ina zuwa gidan Nasiba, sau uku ana ce mini tana barci. Na tare Ɗayyabu a bakin tur'a, inda ake ba gonaki ruwa, na roƙe shi ya kai ta asibiti. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, ki ji tsoron Allah."

Abin kunyar ma, ranar da Nasiba ta wuce ƙofata cikin sabon tob ɗin nan, sai da zuciyata ta sake yin zafi.

*

Sai da ƙullutun ya fashe, bayan shekara da wata biyu, suka kai ta Madani. An ce likita ta tambaya yaushe aka fara jinsa, da Inna ta faɗa mata, ta ce an makara. Suka dawo da ita gida da maganin rage zafi.

Wani hantsi Nasiba ta aiko in zo. Na same ta kwance a rumfa, ta rame har ban so in duba ba.

"Yaya, fatata ta bushe. Ki ɗan murza mini."

Na kwaɓa dilka, na ɗaga hannunta a hankali. Awarwaron suka zame suka taru a gwiwar hannu. Ta zare su ɗaya bayan ɗaya, ba ta ko buƙaci sabulu ba, ta tura farantin gabana.

"Ki riƙe su. Sun yi mini nauyi."

Shekara tara ina son abin nan. Na ture farantin da ƙafa zuwa ƙarƙashin gado, na ci gaba da murza mata hannu.