Wa Zai Zuba Wa Baba Pyo

"Ba za ki shiga ba," in ji Nan-hi.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta dai tsaya a bakin ɗakin makoki na asibiti cikin baƙaƙen kayanta, ta tokare ƙofa da hannu ɗaya. Ta bayanta ina hango hoton mahaifinta, Baba Pyo, a tsakiyar fararen furanni, yana wannan murmushin nasa na mai ɓoye giɓi. Yaya Chun-ja kuwa ta riga ta cire takalmi ɗaya. Haka ta tsaya, ƙafa ɗaya a safa ɗaya a takalmi, ta rungume kwalbar giyar soju cikin leda.

"Kofi ɗaya zan zuba masa, in rusuna, in tafi."

"Wanda kika zuba masa bai isa ba?"

Ni na rako Yaya Chun-ja, don haka ni kunyar ta fara kamawa. Shagona na jikin mashayarta a gindin dutsen unguwarmu a nan Busan, ina sayar da kimci, wato kabejin nan mai tsami da yaji, da soyayyen kifi. Gidana kuma na can sama, ƙofa da ƙofa da na mamacin. Nan-hi ɗin nan a gabana ta koyi tafiya. Na buɗe baki zan yi magana, Yaya Chun-ja ta matse mini hannu har sai da na ji zafi. Ta sunkuya ta mai da takalminta, ta rusuna daga nan waje, ta juya.

A bakin matakalar asibiti ta tsaya ta ce mini, "Maman Gi-tae, kada ki kuskura ki faɗa mata abin da ya ce ranar."

"Haba Yaya. Ke kaɗai za ki ɗauka?"

"Uba ɗaya gare ta, ta rasa shi. Ki bar ta ta samu wanda za ta tsana."

Baba Pyo walda ya yi a wurin ƙera jiragen ruwa har kunnensa na hagu ya mutu. Tun da matarsa ta rasu, Nan-hi kuma tana can Seoul da mijinta, kullum la'asar sai ya gangaro mashayar Yaya Chun-ja ya zauna a kujerar jikin tukunyar miya. Ba wai giyar ba ta sayuwa a kantin sama ba ne. Amma wa zai zuba masa a gida? Dattijon da ya haura saba'in ya ɗauki kwalba ya tsiyaya wa kansa, ai ya gama shela cewa ba shi da kowa.

Ita ke zuba masa, kuma tana da dokarta. Kwalba ɗaya. Tana ƙarewa sai ta kife kofin ta turo masa miyar kifi.

"Tashi, tsoho, matakala na jiranka."

"Ke, ko matata ba ta takura mini haka ba."

"Shi ya sa ka lalace."

Sai ya yi dariya ya shanye miyar, ya kama hanya yana dafa bango.

Ranar da abin ya faru da rana tsaka ya zo, abin da bai taɓa yi ba. Dusar ƙanƙara ta sauka kwana biyu kafin nan, ta narke, ta sake daskarewa. Na shiga kai wa Yaya Chun-ja kimcinta na tarar da shi zaune cikin kwat ɗinsa ta biki, ya taje gashi. Na tsokane shi, "Baba, wace bazawara ce ta yi sa'a yau?"

"Ranar tsohuwa ce," ya ce. Ranar tunawa da rasuwar matarsa yake nufi, ranar da ake jera wa mamaci abinci da giya a gaban hotonsa. "Na shirya mata tebur tun safe. Na zuba mata, ta sha."

"Nan-hi ta iso?"

"Ta bugo jiya. Aiki ya yi wa yarinyar yawa. Seoul ba nan kusa ba ce." Ya juya kofin a hannunsa. "Na saya mata lemon nan da take so. Ki zo ki ɗebi naki kafin ya lalace."

Kwalbar ta ƙare ina nan tsaye. Yaya Chun-ja ta kife kofi kamar kullum, ta juya ta ɗebo miya. Baba Pyo bai yi mata gardama ba. Ya miƙe a hankali, ya je firji da kansa, ya ɗauko wata kwalbar, ya dawo ya buɗe. Ya tayar da kofin. Ya karkata kwalbar, bakin kwalbar na neman kofin yana kucce masa.

Ban ga lokacin da ta ajiye ludayi ba. Na dai ga kwalbar a hannunta.

"A shagona za ka zuba wa kanka? Ina tsaye? Kuma yau?"

Ta zuba masa. Ya ɗago kofin ya dube ta, idonsa ya cika, ya ce, "Na gode, ƙanwata." Ni kaina sai da na kau da kai. Aka kira ni daga shago ana son kifi, na fita. Abin da ya biyo baya daga bakinta na ji: duk lokacin da ta kife kofin sai ya miƙa hannu ga kwalba, ita kuma ta kasa tsayawa ta kalla. Da zai tafi ta ce ya jira ta rufe ta raka shi, ya ce matakalar nan ta san ƙafarsa tun ita tana 'yan mata. Bai kai kwanar tankin ruwa ba ya zame. Mai kai tukunyar gas ne ya tsince shi. Bai farka ba har ya cika washegari.

Da na koma ɗakin makoki bayan na sa Yaya Chun-ja a bas, na zauna wajen cin abinci cikin tsofaffin abokan aikinsa. Ana shan miyar nama mai yaji, ana zuba wa juna, ba a gwara kofuna kamar a wurin biki. Mijin Nan-hi, wani dogo mai tabarau, yana zagaya tebura yana gode wa mutane, a kowane tebur kuma sai ya sako maganar lauya.

"Ta ga ya bugu ta ci gaba da ba shi. Tsoho, ga ƙanƙara, ga matakala. In wannan ba sakaci ba ne, mene ne? Sai an rufe wurin."

Wani dattijo mai suna Ma, wanda suka yi walda tare, ya ajiye cokali. "Ɗana, Pyo ba jariri ba ne. Ba wanda ya danne shi ya ɗura masa. In za a kama duk wanda ya zuba wa bugagge, yanzu ɗin nan ma kai ka zuba mini."

"Ni ba sana'ata ba ce. Ita kuɗi take karɓa, ya kamata ta san inda za ta tsaya."

"Ta fi kowa sani," na ce, ban san ma ya fito ba. "Shekara nawa tana tsayar da shi, kuna ina?"

Mijin Nan-hi ya juyo gare ni. Ya gyara tabarau ya ce, "To ranar me ya hana ta?"

Amsar na nan a kan harshena tana ƙaiƙayi. Na dubi Nan-hi can gaban hoto, ta durƙusa tana mai da gaisuwar wani baƙo, wuyanta ya zama siriri kamar na 'yar tsako. Na haɗiye. Gaskiyar magana, tambayarsa ba ta banza ba ce, shi ya sa ta fi ba ni haushi. Ta san inda za ta tsaya, ba ta tsaya ba. Shi ma ya san matakalar, ya san ƙanƙara. Na yi ta juya abin a raina har miyata ta huce, ban ga inda zan yanka ya rabu biyu ba.

Bayan an ƙone gawarsa an kai tokar kusa da ta matarsa, Nan-hi ta zo karɓar makullin gidan da ke wurina. Daga tashar jirgi asibiti ta wuce, ba ta taka gidan ba. Ni ma zuciyata ba ta ba ni in buɗe ba. Ta ce in zo mu shiga tare.

Ɗakin ya yi sanyi ƙalau, ga warin kifi da ya kwana biyu. Teburin mahaifiyarta na nan yadda ya shirya shi: hotonta, shinkafa ta bushe ta tsage, 'ya'yan itace an yanke musu kai, kofinta cike a gabanta. A gefe kuma ya ajiye ƙaramin teburin da iyali ke zama su ci bayan an gama. Matasai biyu. Cokula biyu. Kwandon lemo a gefen da babu kowa. Kwalbar da ya buɗe wa matarsa na tsaye a tsakiya, kofi ɗaya kacal aka zuba daga cikinta.

Nan-hi ta durƙusa ta ɗauki kofin da ke gefen matashinsa. Ta leƙa ciki. Ta sa yatsa ta shafa. Busasshe ne, har da 'yar ƙura.

"Bai sha a nan ba," ta ce.

"Bai sha ba."

"Ga kwalba a gabansa." Ta juya kofin. "Jira ya yi."

Na riƙe abin da ya ce ranar a cikina, alƙawari na ɗauka.

"Na ce masa mako mai zuwa. Ya ce ba komai, tsohuwa ba ta sauri." Ta ɗora kofin a cinyarta ta riƙe da hannu biyu. Ba ta yi irin kukan da ta yi a asibiti ba. Wannan ba shi da sauti. Na zauna kusa da ita na yi nawa, don raina ya daɗe bai ɓaci irin na ranar ba.

Can ta goge fuska ta miƙe, ta sa takalmi. Na bi ta. Muka gangara matakalar a hankali. An watsa toka a kwanar tanki, wani kuma ya ajiye farar fure a jikin bango. Ta tsaya ta duba, ta wuce.

Ƙofar mashayar a rabin buɗe take. Tun ranar ba a kunna wuta a ƙarƙashin tukunyar miya ba. Yaya Chun-ja na zaune tana naɗe kwanuka da tsohuwar jarida tana jerawa a kwali. Ta gan mu ta miƙe, jarida a hannu.

Nan-hi ta wuce kai tsaye ta zauna a kujerar jikin tukunya. Ban san yadda ta gane ta mahaifinta ce ba.

"Inna, ban yafe miki ba."

"Na sani."

"Da kin bar shi ya zuba wa kansa, da kunya ta kore shi gida tun a kofi ɗaya."

"Na sani. Kullum sai na faɗa wa kaina."

"Mijina zai ga lauya ran Litinin. Ban san abin da zan ce masa ba tukuna."

"To."

Kwalbar da aka hana ta shiga da ita ɗakin makoki na kan tebur, har yanzu cikin ledarta. Nan-hi ta zaro ta, ta murɗe murfin. Ta fito da kofin mahaifinta daga aljihun rigar sanyinta, ashe ta taho da shi. Ta ajiye. Ta karkata kwalbar.

Hannun Yaya Chun-ja ya tafi da kansa. Ya kai rabin tebur ya tsaya. Ta dube shi kamar ba nata ba, ta fara janyewa.

Nan-hi ta ga hannun. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta dire kwalbar, ta tura ta a hankali zuwa wancan gefen, ta ɗaga kofin da hannu biyu, ta sunkuyar da kai.

Yaya Chun-ja ta ɗauki kwalbar. Matar da ta zuba wa rabin unguwar nan ba ta taɓa ɗigar da ko ɗigo ba. Daga inda nake tsaye a bakin ƙofa ina jin bakin kwalbar na karkarwa a jikin kofin, ƙil, ƙil, ƙil, Nan-hi kuma ba ta sauke hannunta ba.