Warin Rigar Feshi

Mai feshi yana tsakiyar gonar tumatir, tanki goye a bayansa, surukarsa ta bugo waya ta ce an sauka, namiji ne. Ko wanka bai tsaya yi ba. Ya hau babur yana washe baki, yana ce wa mai babur ɗin ya bi a hankali, yau uban wani ya ɗauko.

A barandar asibiti ya tarar da surukar ta rafka tagumi.

"Mama, lafiya? Ina mai jegon?"

"Ita ƙalau take. Shiga dai ka gani."

An kwantar da jaririn rub da ciki. Da nas ta ɗaga audugar da aka rufe masa baya da ita, sai ya ga wani jan ƙullutu a gadon bayansa, fatar wurin a buɗe, ƙafafun kuwa ko motsi. Mai feshi ya dafa ƙarfen gado.

Likita ta ja shi waje. Warin rigarsa ya buge ta, ta ja da baya.

"Wane aiki kake yi?"

"Feshin maganin ƙwari."

"Wa ke wanke maka kayan nan?"

"Matata."

"Da cikin nata?"

"Har shekaranjiya ma," ya faɗa.

"Ba zan rantse maka shi ne sila ba," in ji ta, "amma maganin nan ta fata ma yana shiga. Za mu yi wa yaron aiki. Kai ma je a ɗebi jininka."

A hanyar ɗakin gwaji ya ji an kira shi da wata shaƙaƙƙiyar murya. Dogo ne, wanda ya koya masa feshi, wanda aka ce ya tafi gida hutu. Yana kan keken marasa lafiya, ya rame sai idanu, wuyansa ya kumbura.

"Ciwon daji ne, in ji su," Dogo ya ce yana murmushin ƙarfin hali. "Kai me ya kawo ka?"

 Sai mai feshi ya durƙushe a wurin yana salati.

An yi aikin, yaron ya rayu, amma ƙafafun ba su tashi ba. Dogo bai kai ƙarshen damina ba. Da shugaban leburorin gonar ya aiko a ji dalilin da ya sa mai feshi bai koma gona ba, surukar ce ta fita ta sallami ɗan aiken tun daga bakin ƙofa.