Ɗigon Jan Farce a Wayar Baba

Ni na ɗiga wa wayar Baba jan farce da hannuna, saboda haka in na ce gidan rediyon nan sun cuce mu, na san abin da nake faɗa.

Baba direban tirela ne har ciwon suga ya cinye masa ido. Da na ɗauko shi ya dawo wurina, ya rabu da mota, ya rabu da abokan hira, ya kusa rabuwa har da tashar rediyon da ya yi shekara da shekaru yana ji a kan hanya, domin ba a kama ta a garin da nake aiki. Sai dai a shafinsu na intanet. A tsohon shafin, wurin da ake dannawa a ji shiri kai tsaye yana can sama daga dama, ƙato, ba ya motsi. Sai na ɗiga jan farce a gilashin wayar wuri biyu, na bari ya bushe ya yi tudu: ɗaya inda ake buɗe shafin, ɗaya inda ake kunnawa. Ya lalubo na farko ya danna, ya ɗan jira, ya lalubo na biyu. Shi ke nan, sai labarai.

Mutumin da ake kai wa ruwan wanka, a zuba masa magani a tafin hannu, a riƙe shi zuwa bakin ƙofa, wannan kaɗai ya rage masa da yake yi ba tare da ya kira kowa ba. In na miƙa hannu zan taya shi, sai ya janye wayar.

"Uwata, tirela fa na tuƙa. Wannan 'yar ficiciyar ce za ta gagare ni?"

Wata safiya ina shirin fita aiki na jiyo wata mata tana tallar katifa daga ɗakinsa. Ta gama, ta sake farawa. Na leƙa na tarar da shi yana ta danna ɗigon nan, gumi ya tsattsafo masa a goshi. Da na karɓi wayar sai na ga an sake wa shafin fasali kakaf. Hotuna sai sulalewa suke, wannan na korar wancan. Wurin kunnawa kuwa an mai da shi ɗan ƙil kamar ƙwayar magani, an tura shi ƙarƙashin talla. Na ce ba komai, zan yi sabon ɗigo. Ina! In tallar doguwa ce ya yi ƙasa, in gajera ce ya hau sama. Yaya za a yi wa abin da ba ya zama wuri ɗaya alama?

A kantin maganin da nake aiki ma zancen ke nan. Mai askin da ke maƙwabtaka da mu ya shigo yana kumfar baki, wai garin neman sakamakon ƙwallo a sabon shafin har ya kusa yanke wa mutum kunne. Abokiyar aikina ce kawai ta ce ita kam ya burge ta, ya yi tsaf-tsaf. Kallon da na yi mata bai bar ta ta ƙarasa ba.

Baba bai yi ƙorafi ba, kuma wannan ya fi ƙona mini rai. Cewa ya yi ya gaji da labarai, duk tashin hankali ne. Ƙarya yake, Allah ya ba shi haƙuri. In na dawo sai in same shi zaune shiru, waya a kan gwiwa, yatsa a kan ɗigo.

Da surutu ya yi yawa, tashar ta shirya shirin kiran waya, suka kawo shugaban sashen intanet ɗinsu. Na bar wa abokiyar aikina kanti, na shige ɗakin ajiya tsakanin kwalaye, na yi ta kira har na samu shiga. Na yi masa bayanin Baba da ɗigon tiryan-tiryan.

"Allah sarki," in ji shi, da wata murya mai santsi. "Malama, mun yi bincike sosai, jama'a sun fi son hotuna. Sabon abu ne, a hankali za a saba."

"A gidan rediyo ake mana zancen hotuna? Ranka ya daɗe, ka san su wane ne ba su da abin yi sai sauraronku?"

"To ai abin mai sauƙi ne. Ba za a rasa wani a gida da zai riƙa kunna masa ba."

Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Na buɗe baki ke nan mai gabatarwa ta ce sun gode da wannan kyakkyawar shawara, ƙit, aka katse. Na tsaya ina zazzaga wa kwalayen magani sauran maganar.

Da yamma na ba Baba labari. Na ƙara gishiri, na ce na wanke su tas, na ɓoye abin da mutumin ya faɗa a ƙarshe. Ya yi murmushi ya ce, "Bakinki na kakarki ne." Bai tambaye ni ko za su gyara ba.

Washegari na kai masa magani, sai na ga wasu jajayen ɓarɓashi a kan farar rigarsa. Na ɗauka jini ne. Ashe ɗigon ne ya kankare da farcensa, duka biyun, gilashin ya koma sumul.

Ya haɗiye maganin, ya miƙo mini kofin. Na kai bakin ƙofa na ji ya gyara murya. Na juya na ga ya miƙo wayar da hannu biyu, ya saita ta wajen taga, inda yake zaton nake tsaye.

"Uwata," ya ce, "in ba ki makara ba, zo ki kunna mini."